Lalle a gida da garka: yadda ake dasa shi, a hana shi tsawo, a ci amfaninsa

Tambayar lalle ta sha dawowa a shirinmu na noma da kiwo, galibi daga bakin iyayenmu mata. Wata ta ce nata ya yi tsawo ya wuce danga amma ganyen da take samu bai cika ƙwarya ba. Wata ta ce ta shuka iri har sau biyu bai fito ba. Wata kuma ta daka nata, an yi ƙunshi, aka wayi gari bai kama ba. Maganar rediyo iska ke tafiya da ita, shi ya sa muka tattara bayanin a nan, don wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu fara da abin da ya fi komai muhimmanci: lallen da ke ba da ganye mai yawa, mai kama hannu, gajere ne. Ba ya zama gajere da kansa, sai an tilasta masa da wuƙa. Sauran bayanin duka a kan wannan yake tafiya.

Wane irin itace ne

In aka ƙyale lalle ya yi yadda ya ga dama, yakan kai mita 2 zuwa 6. Ganyensa ƙanana ne, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe. Furensa fari ne ko mai ɗan ja-ja, yana fitowa tuli guda a kan reshe, ƙamshinsa kuwa duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan da ke da shi da daddare ya san shi. Bayan fure sai ƴaƴa, ƴan ƙulalai kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, kowane cike da ƙananan iri masu yawa. Ɗan dangin rumman ne a wajen masana tsirrai.

Sunan da masana suka ba shi, Lawsonia inermis, yana da ɗan labari mai amfani gare mu. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linne, wanda ya jera sunayen tsirrai a 1753, ya ɗauka lalle iri biyu ne, mai ƙaya da marar ƙaya, har ya ba kowane sunansa daban. Daga baya aka gane itace ɗaya ne. Yana yaro ba shi da ƙaya, in ya tsufa sai bakin ƙananan rassansa su bushe su yi tsini. To, kun ga ke nan, in kika kai hannu ga lallenki ya soke ki, ba wani mugun iri aka sayar miki ba. Tsufa ya yi, wuƙa yake jira.

Larabawa na ce masa hinna, mutanen Indiya mehndi. Mu nan yankinmu sunan kusan ɗaya ne a bakin kowa: Buzaye anella, Barebari nalle, Yarabawa lali, mu lalle. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun lalle cikin jerin gadon al'adu na duniya da sunan ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Aljeriya, Sudan, Maroko da Muritaniya. Nijar ba ta cikin jerin, alhali a ƙasar Damagaram ba a kai amarya ɗaki ba a sa ta a lalle ba, kuma kakanninmu sun kwana da hannu cikin zunguru tun ba a san leda ba. Wannan dai magana ce ta wata rana.

Abin da ke rina fata wani sinadari ne da ke cikin ganyen, kuma ɗan kaɗan ne, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba. Ya fi yawa a sabon ganye, wanda ya toho cikin zafi da rana. Tsohon ganye da wanda ya tashi a inuwa ba su da shi sosai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wuri da ruwa

Rana yake so, tun daga hantsi har la'asar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dasa shi ƙarƙashin bedi ko gindin katanga ta arewa don a tausaya masa. A inuwa zai miƙe siriri yana neman haske, ganyen ya yi faɗi ya yi kore shar, mai kyan gani, amma a hannu sai ya tsaya ruwan goro. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, bai dame shi ba muddin saiwarsa ta kama. Sanyi ne abokin gabarsa. In dare ya yi sanyi a Disamba da Janairu, ga iskar hunturu, sai ya tsaya da girma, ya zubar da ganye, wani ya zama ƙirare tsirara. Bai mutu ba, kar a tuge shi. A kankare bawon reshe da farce, in aka ga kore a ciki yana nan da ransa.

Ba ya zaɓen ƙasa. Jigawa tana yi masa, ƙasar kwari ma tana yi, har wadda ke da ɗan gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa yakan jure ta fiye da salati da tumatir. Shi ya sa masu garka daga Mirya har Gidimuni za su iya ba shi gefen da sauran kaya ba sa so, su mai da shi shinge: yana tare iska da rairayi, yana nuna iyaka, kuma ana yankar kuɗi a jikinsa.

Kowa ya san halin ruwa a jiharmu. Ruwan saman da Damagaram ke samu yana wajen milimita 400 a shekara, kusan duka cikin wata uku, sauran watanni kuwa bido da guga ne. Lallen da ya shekara biyu zai iya ƙetare rani ba ban ruwa, sai dai ba zai ba da ganye ba sai damana. Sabon dashe ne ke neman kulawa: kullum da yamma a sati biyu zuwa uku na farko, sannan a rage zuwa sau biyu a sati, a riƙa ba shi ya ƙoshi maimakon yayyafi kullum, don saiwa ta bi ruwa ta nutsa ƙasa. A cikin gida, wuri mafi dacewa shi ne kusa da inda ake alwala ko wanke hatsi, ruwan da dama zubarwa za a yi. Ruwan wanki mai omo da yawa ko mai zabel, a kai shi wani wuri.

Taki kuma a yi hankali. Ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu cikin tafi biyu a ramin dashe, sannan a ƙara sau ɗaya a shekara bayan yanka, ya isa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Iri ko reshe

Ga wadda ke son gindi ɗaya zuwa goma a gida, reshe ya fi. Ana neman gindin da aka riga aka san yana kamawa, a roƙi mai shi reshe, don abin da aka dasa daga reshe halin uwarsa yake ɗaukowa sak. A zaɓi wanda ya ɗan ƙosa, kaurin fensir, a yanka shi tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, wato santimita 20 zuwa 25, mai idanu da dama. A tsige ganyen ƙasa, a binne rabi ko kashi biyu cikin uku a ƙasa mai laima, a danne gefen da ƙafa. A lura kar a juya shi kai ƙasa, yakan faru in an yanko da yawa an haɗa su a zane. Lokacinsa shi ne in damana ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A dasa fiye da abin da ake bukata, don ba duka ke kamawa ba. In aka ga sabon toho kar a ja shi don a duba saiwa, wani lokaci ganye na riga saiwa fitowa.

Iri na mai shinge ne ko mai son fangali guda. Dalilin da ya sa yake ƙin fitowa shi ne bawonsa mai tauri ne, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Sai an jiƙa shi kwana 3 zuwa 7, ana canza ruwan kullum, har ya kumbura. Wasu sukan ƙulle shi a jiƙaƙƙen tsumma su ajiye wuri mai ɗumi har ya fara tsaga. Daga nan a cakuɗa shi da rairayi, a watsa a fangalin reno, a rufe da ƙasa sama-sama, don in ya nutse da yawa ba zai iya hudowa ba. A shimfiɗa ɗan kara ko ciyawa a kai saboda rana da kaji. In tsiron ya kai taƙi ɗaya zuwa kamu, sai a cire a dasa da yamma. Ga shinge, a bar kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi. Ga na tsakar gida wanda ake so ya yi dunƙule, a ba shi mita guda ta kowane gefe.

Sai maganar awaki, wadda ba ta bukatar dogon bayani. A kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando marar gindi tun ranar da aka dasa.

Datsa

Ƴan'uwanmu da ke Faransa sun san wani fure da ake jerawa a tukwane a bakin shaguna ƙarshen Oktoba, sunansa kirizantem, wanda mutanen can ke kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba. Dunƙule yake kamar an kife ƙwarya, ba reshen da ya fi wani tsawo. Ba haka kawai ya tashi ba: an zaɓi gajeren iri, kuma tun yana ƙarami masu reno ke tsinke masa kai don ya yi rassa. Shi wannan fure ba namu ba ne, yana son dare mai sanyi da ruwa kullum, zafi kuma yana jinkirta masa fure. Amma dabarar tsinke kai tana aiki a jikin lalle kamar don shi aka yi ta.

Ga yadda abin yake. Kan kowane reshe, wato tohon da ke can ƙarshe, shi ke danne idanun da ke ƙasa da shi, ya hana su buɗewa. Muddin yana nan, reshen tsawo kawai zai yi ta yi. In aka tsinke shi, sai idanu biyu ko fiye su farka, kowane ya zama reshe. In su ma aka tsinke musu kai, sai su sake rabuwa. Reshe ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kuma kowane sabon reshe sabon ganye ne, wanda muka ce shi ke ɗauke da rini.

Saboda haka a shekarar farko ba girbi ake nema ba, gina gindi ake yi. In dashe ya kama ya kai kamu ɗaya, a tsinke kansa da farce, kamar gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. In rassan gefe suka yi taƙi, su ma a tsinke. Sau biyu ko uku cikin damanar farko ya wadatar. Mun san abin da wuya a zuciya, mutum ya yi ta ɗawainiya da abu sai ya fara miƙewa a ce ya cire masa kai. Amma gindin da aka tausaya wa a shekarar farko shi ne ke zama sanda mai tuntun ganye a sama, ƙasa fayau.

Daga shekara ta biyu sai yanka na sosai. A garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya, inda lalle ya zama abin da gari ke ci da shi har ake fitar da shi ƙasashen duniya, ƙasarsu busasshiya ce kamar tamu, kuma gonakinsu ba itatuwa ba ne. Layi-layi ne na gajerun kututture, ana yanke su da lauje kusa da ƙasa bayan damana, su sake tohowa, shekara da shekaru. Gona ɗaya takan yi shekara 15 ko 20 ana yanka. Mu a gida ba sai mun kai ƙasa haka ba. A yanke a tsawon gwiwa ko ƙasa kaɗan, kowace shekara a wajen wuri ɗaya, a bar shi ya tashi zuwa ƙugu ko ƙirji kafin yanka na gaba. Wuƙa ko lauje ya zama mai kaifi, a yanka a karkace sama da ido kaɗan. Karya reshe da hannu yana tsaga bawo har ƙasa, nan gara da ruɓa ke shiga.

Wanda ya gaji tsohon lalle mai ƙaya a gida ko a garka, bai makara ba. A sare shi da adda a tsawon gwiwa, amma a jira dab da faɗuwar damana, ko kuma lokacin da aka tabbata za a iya ba shi ruwa. Sare tsohon gindi cikin hunturu, ba ruwa ba zafi, shi ne ke kashe shi. Cikin ƴan satuttuka zai fito da toho da yawa, sai a rage raunana a bar masu ƙarfi.

Abu ɗaya ake rasawa da wannan tsari: fure. Lallen da ake yanka kullum ba ya samun sukunin yin fure sosai, balle iri. Mai gindi da yawa sai ta ware ɗaya a kusurwa ta bar shi ya girma, don ƙamshi da kuma irin da za a raba wa maƙwabta.

Girbi, shanya da daka

Babban girbi da kaka ne, wajen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, lokacin zafin nan da ke biyo bayan damana, kafin sanyi ya sauko. Alamar ita ce ganyen ya cika ya yi duhu, na can ƙasa ya fara alamar rawaya. In aka yi jinkiri hunturu zai girbe muku, ku tarar da shi a ƙasa. Mai garka da ke ban ruwa zai iya samun yanka na biyu da bazara, kuma ganyen bazara, ko da bai kai na kaka yawa ba, yakan kama ƙwarai.

A nan ne yawancin lalle ke lalacewa, ba a gona ba. Itacen na son rana, amma ganyen da aka yanke ba ya son ta. A shanya rassan a inuwa mai iska, cikin rumfa ko zaure, bisa tabarma ko buhu, ba a ƙasa tsirara ba, a riƙa juyawa. Kar a tara su tuli suna ɗanye, za su yi zafi su yi baƙi. Cikin ƴan kwanaki sun bushe, sai a kakkaɓe da sanda ganyen ya zube, a tsince ƙirare da ƙaya. Ganyen da ya bushe daidai kore yake zama. Wanda ya koma ruwan ƙasa, rana ko laima ta ci rabin ƙarfinsa, kuma mai saye a kasuwar Mirya ko kasuwar Dole ta Damagaram da ido take fara ciniki kafin ta tambayi kuɗin tiya.

Shawararmu, a ajiye shi ganye, a daka gwargwadon bukata. Gari yana saurin sanyi in ya sha iska, haske da zafi. A samu turmi mai tsabta wanda ba a daka yaji a ciki ba, a tankaɗe da lallausan kyalle in zane za a yi. Wajen kwaɓi, ɗan tsami na lemu ko na tsamiya yana taimaka wa rinin ya fito, kuma a bar kwaɓin ya ɗan kwanta awoyi kafin a ɗaura. In an kwance aka ga ya yi fatsi-fatsi kar a yi saurin zagin lallen, launin yana ƙara duhu cikin kwana biyu. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kamawa don fatarsu ta fi kauri. Yana kuma gushewa cikin sati biyu zuwa uku yayin da fata ke sabuntawa, sai a farce ne yake zama har farcen ya fita.

Dayis, da maganar jarirai

Babu itacen lalle da ke ba da baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, sau da yawa sinadarin rina gashi ne ake haɗawa, wanda likitoci ke kira PPD. Ga wasu ba ya nuna komai a karon farko. Ga wasu kuwa bayan kwanaki, har zuwa sati biyu, sai wurin zanen ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar zanen. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, yakan ci gaba da ƙin sa har abada, har da rinin gashi. In kuma yaro ya sha shi guba ne mai kisa, an sha ganin haka a Sudan da Maroko. Masu sana'ar ƙunshi, don Allah a ɗaga shi sama inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma a gaya wa amarya gaskiyar abin da za a sa mata.

Shi ma lallen gargajiya akwai inda ake taka tsantsan. Wasu yara, musamman maza, ana haihuwarsu da wani rauni a jini da ake kira ƙarancin G6PD, kuma yana da yawa a Afirka. Ba a gane shi da ido. In aka shafa wa irin wannan jariri lalle a jiki da yawa, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya fashewa. Don haka kar a shafe jariri da lalle saboda ƙurajen zafi ko zazzaɓi. In an riga an yi, aka ga idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jiki ya saki, a wanke a kai shi gidan likita nan take, kar a jira gari ya waye.

Ga na nesa

Wanda ke Kano, Agadas ko kudancin Libiya da Aljeriya, duk abin da muka faɗa ya shafe shi, sai dai a Sahara sanyin dare ya fi namu tsanani, a rufe ƙaramin dashe da buhu cikin Janairu. Lalle ba ya jin daɗi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 11, in ya kai ƙasa da 5 kuwa yana iya mutuwa. Saboda haka wanda ke Turai sai a tukunya: babba, mai huji a gindi, ƙasa haɗe da rairayi, a ajiye a tagar da ta fi samun rana, a shigo da shi ɗaki tun farkon sanyi, a rage masa ruwa ƙwarai har zafi ya dawo. Ruwan da ya kwanta a gindin tukunya ya fi ƙishirwa saurin kashe shi. Tsinke kai a nan dole ne, in ba haka ba zai kai rufin ɗaki da ganye goma. Kuma kar a sa rai ganyensa ya kama kamar na gida, ranar can ba ta kai ba.

Masu aika saƙo daga gida kuma, ɗanyen reshe ba ya shiga ƙasashen Turai sai da takardar lafiyar tsirrai, ƴan duwan na iya karɓe shi a filin jirgi. Busasshen ganye ko gari ya fi sauƙin tafiya. A zuba shi a leda biyu, a matse iskar, a ƙulle, a naɗe da takarda ko baƙin kyalle saboda haske, sannan a rubuta watan da aka girbe shi a jiki don wadda aka aika wa ta san wanda za ta fara buɗewa.